Yadda Za Ka Gano Gudun Da Motarka Ta Fi Tattalin Mai

Ka tambayi direbobi wane gudu ne ya fi tattalin mai, kowa da amsarsa. Wani zai ce 80, wani ya rantse 100 ne, wani kuma ya ce gara ka taka totur ka isa da wuri, tunda gwargwadon daɗewar injin yana aiki, gwargwadon man da zai sha. Wannan na ƙarshen kuskure ne tun daga tushe. Abin da ake aunawa shi ne man da mota ta ƙona a kowace kilomita, ba a kowace awa ba. Su kuwa masu 80 da masu 100, wataƙila kowannensu ya yi gaskiya game da tasa motar. Babu lamba ɗaya da ta dace da duk motoci, saboda haka taka sai ka auna ta da kanka.

Kafin a hau titi, yana da kyau ka san abin da kake nema. Abubuwa biyu ne ke jan mota ta ɓangarori daban-daban. Idan tana tafiya a hankali sosai, tana cikin ƙananan giyoyi, injin yana juyawa da yawa amma tazarar da aka ci kaɗan ce. Ga shi injin yana da nasa cin ko da motar a tsaye take, domin yana juya famfon ruwa, yana cajin batir, yana jan na'urar sanyaya ɗaki. Wannan asarar tana raguwa yayin da gudu ke ƙaruwa. Amma a ɗaya ɓangaren ga iska na jira. Turjiyar iska ba a hankali take hawa ba: idan ka ninka gudu biyu, sai ta ninka huɗu, ƙarfin da injin zai fitar don ya keta ta kuma ya ninka takwas. Wanda ya taɓa miƙa tafin hannu ta taga a gudun 40, ya sake miƙawa a gudun 100, ya san bambancin a jikinsa. Daga 80 zuwa 120 kawai, turjiyar ta haura ninki biyu.

Tsakanin waɗannan biyun ne gudun da kake nema yake. A yawancin ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal, yana faɗawa ne wani wuri tsakanin kilomita 60 da 90 a awa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana shaida wa direbobi cewa shan mai yakan tashi da sauri da zarar an wuce mil 50 a awa, wato kilomita 80. Dalilin nan ne ma ya sa bayan rikicin mai na 1973 ƙasar ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyinta zuwa mil 55, kusan kilomita 89, dokar da ta fara aiki a 1974 kuma ba a soke ta ba sai 1995.

Mataki na farko: shirya motar

Duba iskar tayoyi da safe kafin su ɗau zafi, ka daidaita ta da lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Sauke kariyar ɗora kaya ta saman mota idan ba kullum kake tafiya da ita ba, ka fitar da tarkacen but. Idan fitilar gargaɗin injin a kunne take, ko birki na kamawa, a fara zuwa wajen makanike, don awon motar da ba ta da lafiya ɓata mai ne kawai.

Mataki na biyu: zaɓi abin awo

Hanya mafi sauƙi ita ce kwamfutar da ke allon gaban direba. Yawancin motocin zamani suna nuna shan mai iri biyu, akwai na nan take wanda ke tsalle-tsalle da kowane taɓa totur, akwai kuma matsakaici, inda sau da yawa za ka ga an rubuta AVG. Matsakaicin nan shi ne naka. Ka koyi yadda ake share shi ya koma sifili tun motar na tsaye, kada ka zo kan titi kana lalube. Gaskiya ne waɗannan kwamfutoci sukan yi wa mota kara, su nuna ta fi tattali fiye da yadda take. Wannan ba zai hana aikinka ba, domin kwatanta gudu da gudu kake yi, kuma karar da za ta yi a 70 kusan ita za ta yi a 100.

Idan motarka ba ta da wannan, duba ƙarƙashin sitiyari ko akwai soket ɗin OBD, wato wurin da makanike ke jona kwamfutar binciken injin. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da shi, haka ma na fetur da aka yi wa kasuwar Turai daga 2001. Ana sayar da 'yar ƙaramar na'ura da ake cusawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja ta riƙa lissafa maka shan mai.

Tsohuwar hanyar cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, ita ce ta fi gaskiya wajen sanin ainihin litocin da suka tafi, amma ga wannan gwajin wahalarta ta fi amfaninta. Famfon gidan mai ba ya yankewa a wuri ɗaya kullum, kuma bambancin rabin lita ya isa ya lalata lissafin gajeriyar tafiya. Sai dai in kana da doguwar hanya da kake bi a kai a kai, to ka ware wa kowace tafiya gudu ɗaya, ka riƙa cikawa a famfo ɗaya, ka tsaya da zarar ya yanke na farko.

Sannan kada ka yarda da malejin motar ɗari bisa ɗari. Da gangan ake yin sa ya ɗan wuce gudun gaskiya. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta haramta masa nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta ba shi damar ƙari har kashi 10 cikin 100 da kilomita 4 a kai. Buɗe manhajar GPS a waya ka ga tazarar da ke tsakaninsu, ka rubuta.

Mataki na uku: nemi hanya da lokaci

Kana bukatar shimfiɗaɗɗen titi mai tsawon kilomita 5 zuwa 10, marar tudu da gangara, marar shataletale ko mahaɗa, a lokacin da motoci suka yi ƙaranci. Zaɓi ranar da babu ruwan sama kuma iska ta kwanta. Ka sa alama biyu, ta farawa da ta gamawa, ko gada ce ko allon hanya. Ka tafi da mutum ɗaya da zai riƙa rubutu, kai idonka na kan titi.

Mataki na huɗu: gwajin kansa

A nan aikin yake, kuma a nan mutane ke ɓata shi. Fara da yin tafiyar minti 15 zuwa 20 domin injin da man giya da tayoyi su yi zafinsu na aiki. Injin mai sanyi ya fi shan mai, kuma idan ka fara awo da shi, gudun da ka gwada da farko zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Ka kai gudun da za ka gwada tun kafin ka iso alamar farko, motar ta zauna a kai sosai. Kana wuce alamar, abokin tafiyarka ya share matsakaicin. Idan aka share tun kana hawa gudu, man da aka ƙona wajen ɗaga motar zai shiga lissafi. Riƙe gudun kyam har alama ta biyu, a rubuta abin da allo ya nuna. Motar da ke da na'urar riƙe gudu da kanta, a kunna ta, don ta fi ƙafar kowa natsuwa. Wanda ba shi da ita sai ya kafa diddige a ƙasa, ya daina wasa da totur.

Daga nan ka juyo ka maimaita gudun nan a hanyar dawowa. Kada ka tsallake wannan ko da titin ya yi maka kama da faranti. Gangarar da ido ba ya gani injin yana jin ta, iska ma haka. Idan kana gudun 90 kuma iska mai gudun 20 na tunkarar ka, gaban motar 110 yake ji, in ka juya kuma 70 zai ji. Zuwa da dawowa ne ke rage wannan son kai.

Fara daga 60, ka riƙa ƙara goma-goma har iyakar gudun da doka ta yarda a wannan titin. Komai ya zauna yadda yake daga farko har ƙarshe: gilasai a rufe, na'urar sanyi ko a kunne duka ko a kashe duka, mutanen cikin motar ba ƙari ba ragi. Duk zagayen da babbar mota ta tare ka, ko ka taka birki, a soke shi a sake. Kuma kada ka laɓe a bayan tirela, domin tana yanke maka iska, lambar za ta yi kyau na ƙarya, ga hatsarin da ke ciki.

Batun giya yana son kulawa. A mota mai giyar hannu, ka yi kowane gwaji a giya mafi girma da injin zai ɗauka ba tare da gurnani ko kakkarwa ba. Idan a 60 giya ta biyar ko ta shida tana sa motar rawar jiki, sauko da ɗaya, ka rubuta giyar kusa da lambar. A otomatik kuwa, ka sa ido a kan allurar juyin injin. Akwai gudun da za ka ga ta faɗi ƙasa lokaci guda, alamar motar ta shiga giyarta ta ƙarshe. Sau da yawa gudun da ya fi tattali yana ɗan sama kaɗan da wannan wurin, saboda haka a kewayensa ka rage tazarar gwaji zuwa biyar-biyar.

In da hali, a maimaita komai sau biyu ko uku, zai fi kyau ma a wata ranar daban.

Mataki na biyar: lissafi

Idan allonka lita a kilomita 100 yake nunawa, haɗa na zuwa da na dawowa ka raba biyu, shi ke nan. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Amma idan kilomita a lita ɗaya yake nunawa, akwai tarko. A ce da zuwa ka samu 20, da dawowa 10. Kai tsaye mutum zai ce matsakaici 15 ne. Lissafa ka gani: kilomita 10 na zuwa sun ci rabin lita, na dawowa sun ci lita ɗaya, wato lita ɗaya da rabi a kilomita 20, abin da ya ba da 13.3. Don kauce wa wannan, raba 100 da kowace lamba tukuna, ta koma lita a kilomita 100, sannan ka haɗa. Mai mota da ke nuna mpg na Amurka, wato mil nawa ake yi da galan ɗaya, sai ya raba 235 da lambar don ta koma lita a kilomita 100.

Jera sakamakon daga ƙaramin gudu zuwa babba. Ga misali na koyon lissafi kawai, ba awon wata mota ba: a ce a 60 ka samu lita 5.6, a 70 ka samu 5.3, a 80 5.4, a 90 5.8, a 100 6.4, a 110 kuma 7.1. A takarda 70 ce ta yi nasara. Amma dubi yadda 60, 70 da 80 suke kusa da juna, har kuskuren awo ma zai iya sauya jerinsu. Haka abin yakan kasance, ƙasan ramin faffaɗa ne. A ganina abin da ya fi amfani ka sani shi ne inda lambar ta fara hawa da gaske, ba inda ta fi ƙanƙanta ba.

Ɗauki tafiyar kilomita 300 da waɗannan lambobin. A 70 za ka ƙona lita 15.9 cikin awa 4 da minti 17. A 90 lita 17.4 cikin awa 3 da minti 20, wato ka sayi kusan awa guda da lita ɗaya da rabi, ciniki mai kyau. A 110 kuwa lita 21.3 cikin awa 2 da minti 44, ka biya kusan lita 4 don minti 36. Nan ne kowa zai duba aljihunsa da agogonsa ya yanke wa kansa hukunci.

Mataki na shida: aiki da abin da ka samu

Lambar da ka samu ta wannan motar ce a wannan yanayin. Ka ɗora kaya a samanta, ko ka ja tirela, gudun tattali zai sauko ƙasa, domin iska ta samu wurin kamawa. Dogayen motoci masu faɗin gaba, irin su jif da bas, da ma nasu yakan fi na ƙaramar mota ƙasa. Motar lantarki kuma ta fi kowa son tafiya a hankali, tunda ba ta da asarar injin da ke hukunta mai jan ƙafa.

A hanya mai tudu da gangara, na'urar riƙe gudu takan zuba mai don ta kare lambar da aka ba ta. Gara ƙafarka a nan: bar motar ta ɗan rage gudu a hawa, ta maido shi a sauka. Kuma kada ka fitar da giya a gangara da sunan tattali. Motocin zamani suna yanke mai gaba ɗaya idan ka saki totur alhali giya na ciki, amma in ka sa ta a firi dole injin ya sha mai don kada ya mutu, ga shi ka bar wa birki aikin riƙe motar shi kaɗai.

Idan gwajinka ya nuna 70 amma motocin babbar hanya 100 suke yi, kada ka zama shinge a tsakiyar titi. Koma layin masu tafiya a hankali, ka riƙe gudu mafi ƙanƙanta da ba zai sa na bayanka taka birki ba. Sannan ka sake gwajin duk lokacin da ka sauya girman tayoyi ko aka yi wa injin babban aiki.