Yadda Ake Haɗa Ramen Na Romon Kifi Da Jatan Lande

Ramen taliya ce da ake ci a cikin romo, kuma a Japan sau da yawa da romon ƙashin alade ake yin sa, ana kuma zuba masa ruwan shinkafa da suke kira sake ko mirin, dukansu akwai giya a ciki. Amma a jihar Aomori da ke arewacin ƙasar, romon busassun ƙananan kifaye da suke kira niboshi ne ya yi fice. A kansa aka gina wannan girkin, babu alade babu giya, na mutum biyu.

A tanadi ruwa lita 1, kombu gram 10 (busasshen ganyen teku ne, akasari daga Hokkaido), niboshi gram 30, ɗanyen jatan lande manya 8 da kawunansu, ƙwai 2, soya sos, citta, lawashi da taliyar ramen.

A fara da niboshi. A cire kai, a tsaga ciki a fitar da baƙin kayan cikin, domin nan ɗaci yake. A jiƙa shi tare da kombu a ruwan sanyi, a saka a firiji ya kwana.

Washegari a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Da ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya, a tsame kombu, don idan ya tafasa romon zai yi yauƙi. A bar kifin minti 10 yana ɗan motsi, ana kwashe kumfa, sannan a tace ba tare da an matse ba. A nan ne girkin yake lalacewa: wuta mai ƙarfi tana gurɓata romo, ta taso da ƙarni, kuma babu kayan ƙamshin da zai gyara shi.

Kawunan jatan landen ba na zubarwa ba ne. A soya su a mai cokali 4 da citta, ana dannawa har man ya yi ja, a tace. Naman kuwa minti 2 a cikin romo ya ishe shi, in ya wuce haka sai ya yi tauri. Ƙwai a tafasa minti 6 da rabi, a jefa a ruwan ƙanƙara.

Abin da ke ba taliyar ramen danƙo da launin rawaya shi ne kansui, wanda ɗan'uwan kanwa ne. Idan ba a samu taliyar ramen ba, a dafa siririyar supageti a ruwa lita 1 da bekin soda cokali 1, a babbar tukunya saboda yana kumfa sosai, sannan a ɗauraye da ruwan zafi.

A ɗumama kwanuka. Kowane kwano a zuba soya sos cokali 2, jan man cokali 1, sai romo mai zafi, a ɗanɗana gishiri. A tsane taliya sosai kafin a saka, don ruwanta yana salanta romo. A jera jatan lande, ƙwai da lawashi a kai, a ci nan take, domin bayan minti 5 taliyar ta fara kumbura.