Yadda ake gane bindigogin da ke cikin tsohon fim ɗin kaboyi

Mai son gane bindigar da ya gani a fim ɗin kaboyi yana da tambayoyi biyu a gabansa: wace bindiga labarin ke nufi, kuma wace bindiga ce ɗan wasan ya riƙe a gaban kyamara. Sau da yawa amsoshin ba sa zama ɗaya. Za mu bi matakan ne da The Good, the Bad and the Ugly, wanda Sergio Leone ya ba da umarni, ya fito a 1966, domin ya cika nuna bindigogi a kusa ƙwarai.

Mataki na farko shi ne a tantance shekarar da labarin ya faru, tun kafin a kalli bindigar. Labarin wannan fim ya faru ne a yankin New Mexico a 1862, a tsakiyar yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wannan kaɗai ya rage aiki, domin libarbar nan Colt Single Action Army da aka fi sani da kaboyi ba ta fito ba sai 1873, haka ma doguwar bindiga Winchester 1873. A zamanin yaƙin, yawancin libarba ba harsashi mai kwanso ake sa musu ba: ana ɗura albarushi da dalma ta gaban kowane rami na gangar da ke juyawa, a danna su, sannan a ɗora 'yar hular jan ƙarfe mai tayar da wuta a baya, kusan yadda mafarauci ke ɗura bindigarsa ta toka.

Na biyu, a samo kwafin fim mai kyan hoto, a tsayar da shi a inda bindigar ta fito ta gefe. Hoton da bakin bindiga ya fuskanci kyamara ba ya nuna komai. Wuraren da ake goge bindiga, ko ɗura ta, ko ajiye ta a kan tebur sun fi wuraren harbi amfani.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci ga libarba, kuma yana farawa ne daga saman ganga. Idan saman a buɗe yake, babu ƙarfen da ya haɗa bututu da bayan bindiga, to ƙirar Colt ce ta kafin 1873. Daga nan sai a dubi bututun: mai kusurwa takwas na Colt 1851 Navy ne, wanda yake kewayayye sumul kuwa na Colt 1860 Army ne ko 1861 Navy. Idan akwai ƙarfe a saman ganga, ga bututu mai kusurwa takwas, ga kuma wani faffaɗan ƙarfe mai kusurwa uku a ƙarƙashinsa, Remington ce. Idan kuwa akwai ƙarfen saman, bututun kewayayye ne, kuma siririn bututu na manne a gefensa na dama don turo kwanson harsashi waje, wannan Colt ta 1873 ce. Da wannan ma'auni za a ga cewa a cikin 'yan wasan fim ɗin, Clint Eastwood da Eli Wallach Colt 1851 Navy suka riƙe, Lee Van Cleef kuma Remington wadda ake kira 1858. Wannan lamba shekarar rajistar ƙirar ce, samfurin New Model Army ɗin kansa a 1863 aka fara ƙera shi.

Sai dai gane ƙira ba ya kammala aikin, sai an duba yadda ake ɗura bindigar. A wurin da Eastwood yake goge libarbarsa a ɗakin otal yayin da 'yan bindiga ke lallaɓowa, ana ganinsa yana zura harsasai masu kwanso ta bayan ganga. A 1862 kamfanin Colt ba shi da ikon yin hakan, domin haƙƙin ƙirar gangar da aka huda har baya, wanda Rollin White ya yi wa rajista a 1855, yana hannun kamfanin Smith & Wesson har zuwa 1869, kuma sai wajen 1871 Colt ya shiga mayar da tsofaffin libarbobinsa zuwa masu cin harsashi gadan-gadan. Dalilin masu fim a fili yake: harsashin wasa mara dalma ya fi sauƙin ɗurawa da sarrafawa idan ana maimaita ɗaukar fage ɗaya sau da yawa. Saboda haka a riƙa duba bayan ganga. Idan an ga huluna a jere, ta albarushi ce, ko da ɗamarar mai ita cike take da harsasai.

Na huɗu, dogayen bindigogi masu hannun ƙarfe da ake ja ƙasa don shigar da harsashi. Bindigar Henry ta 1860 jikinta launin tagulla ne, ba ta da katako a ƙarƙashin bututu, kuma ta gaba ake ɗura ta. Winchester 1866 ita ma launin tagulla ce, amma tana da katakon, tana kuma da ƙofar ɗura harsashi a gefen dama. Ta 1873 baƙin ƙarfe ce mai faranti a kowane gefe, ta 1892 kuma siririya ce mai sumul ɗin jiki. Bindigar da Eastwood yake tsinke igiyar rataya da ita a farkon fim tana kama da Henry, amma ƙofar gefen ta tona asiri: Winchester 1866 ce aka cire wa katako domin ta dace da zamanin yaƙin. Hollywood ma ta fi Leone sakaci a nan, domin a fim ɗin The Searchers na 1956, wanda labarinsa ya fara a 1868, John Wayne Winchester 1892 yake riƙe da ita.

Na biyar, a tuna inda aka ɗauki fim ɗin. Leone ya yi aikinsa ne a Sifaniya da Italiya, kuma kamfanin Uberti da aka kafa a 1959 a garin Gardone Val Trompia na Italiya yana ƙera kwafin Colt 1851 Navy a lokacin. Don haka ya fi dacewa a rubuta cewa bindigar ƙirar kaza ce, maimakon a yi rantsuwar cewa ta ƙarni na 19 ce.

Daga nan sai a kwatanta hoton da aka tsayar da hotunan bindigogin asali, irin waɗanda ke gidan tarihin Cody Firearms Museum a jihar Wyoming ko Autry a Los Angeles, a tabbatar alamomi biyu ko uku sun yi daidai kafin a yanke hukunci. Kada kuma a dogara da fage ɗaya, domin akan sauya wa ɗan wasa bindiga tsakanin ɗaukar kusa da ta nesa, har a ba shi ta roba idan zai faɗo daga doki. A rubuta mintin da kowace bindiga ta fito, da sunan wanda ya riƙe ta, da alamar da aka gane ta da ita.