Dajin Mole da Birnin Accra a Hutu Ɗaya: Kurakuran da Mutanenmu Suka Fi Yi

Duk ƙarshen shekara, idan 'yan uwa suka sauka Kumasi daga Jamus ko Amurka, ko yara suka samu hutun makaranta, sai an zo an same ni a Aboabo da magana ɗaya: muna so mu je arewa mu ga giwaye, daga nan mu gangara Accra mu sha iskar teku, kwana biyar ya isa? Tsarin yana da kyau, ni ma na yi shi fiye da sau ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke dawowa a gajiye, aljihu ya huje, giwar ma ba a gani ba. Kusan kullum sanadin ɗaya ne: an ba hanya da gaishe-gaishe kwanakin da ya kamata a ba daji.

Kuskure mafi girma shi ne kwana ɗaya tak a Mole. Wannan gandun shi ne mafi girma a Ghana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake da matsayin gandun ƙasa. Dabbobin ciki ba a keji suke ba, ba sa kuma jiran kowa. Wanda ya tashi daga Kumasi da hantsi sai bayan la'asar zai isa, fitar yamma ta riga ta wuce shi. Washegari ya fita sau ɗaya da safe, in an dace an dace, in ba a dace ba sai ya ɗauki jaka yana cewa ai babu komai a wurin. Ku kwana biyu, in da hali uku. Ana fita sau biyu a rana, da misalin bakwai na safe da kuma uku da rabi na yamma, ko da ƙafa tare da jami'in daji mai bindiga, ko a mota. Ku gwada duka biyun, amma tafiyar ƙafa ta safe ita ce ba na so kowa ya rasa.

Na tuna safiyarmu ta biyu a can tare da yayata. Mun gangara daga tudun da masauki yake, ƙura ta yi wa takalmanmu ja, jami'in ya ɗaga hannu muka tsaya cik. Giwaye uku ne a cikin tafkin, jikinsu ya yi baƙi wuluk saboda ruwa, ɗaya na ɗiban laka da hanci tana watsa wa bayanta. Ba a jin komai sai ƙarar ruwan da numfashinsu. Yayata ta riƙe hannuna tana salati ƙasa-ƙasa, can ta ce, "Ƙanena, da mun tafi jiya da na ce ƙarya ake yi." Jiyan kuwa gadu da mariya da gwaggon biri kawai muka gani.

Sai zaɓen lokaci. Mutane na son zuwa a dogon hutu na Agusta, alhali lokacin ne damina ta kankama a arewa: ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu cikin daji ba su da buƙatar zuwa tafki. Rani ne lokacin kallo, daga Disamba zuwa Afrilu. Amma Maris da Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, ba lokacin kai tsoho ko ƙaramin yaro ba ne. Disamba kuma Accra ce ke tsada, musamman tun 2019 da baƙi suka fara tururuwa a ƙarshen shekara. A ganina Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi dacewa da wuraren biyu. Ku dai duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a tsakanin Fabrairu da Maris, tafiyar awa biyu da ƙafa a daji da baki a rufe kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Hanya ma ana kuskurenta. Da yawa kan hau mota har Tamale su kwana, sannan su juyo baya, ba su san sun wuce mararrabar ba. Daga Kumasi za a bi Techiman, Kintampo, a haye gadar Buipe, sai Fufulso, inda hanyar Damongo ta ɓalle ta hagu. Titin yana da kwalta har Larabanga. In da motar kanku ko ta haya, a Fufulso za ku karya. Ku tashi bayan sallar asuba, kada dare ya same ku a hanya. Wani direba da muka taɓa ɗauka ya yi mana alkawarin ƙarfe biyar, bai zo ba sai tara, abin da ya cinye mana fitar yamma ke nan. Tun daga ranar nakan sa direba ya kwana da motar a unguwa.

Akwai kuma masu son haɗa komai: Mole, kadojin Paga, kwandunan Bolgatanga, rijiyoyin Salaga, duk a kwana uku. Salaga tana da matsayi a zuciyata, nan ne kakanninmu fatake suka riƙa sauke kaya suna ɗaukar goro zuwa ƙasar Hausa, Gwanjar da ake faɗa ke nan. Amma tana gabas, Paga tana can bakin iyakar Burkina Faso, kusan kilomita 200 daga Tamale. Ku bar su sai wata tafiyar. Abin da bai kamata a wuce ba shi ne masallacin Larabanga, 'yan kilomita kaɗan daga ƙofar gandun. Ginin ƙasa ne da itatuwa ke leƙowa daga bangonsa, mutanen garin na danganta shi da shekarar 1421. Ku je da alwala, ku yi sallama ga masu kula da shi, ku daidaita abin da za ku bayar da mutum ɗaya tun kafin a fara zagayawa.

Kaya: silifas ba ya shiga daji, sai rufaffen takalmi. Hajiyoyinmu kuma a ajiye baƙar abaya a ɗaki, domin ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi. A sa mai launin ƙasa, da dogon wando. Rigar sanyi ma ta zama dole, hunturun arewa da asuba ba irin na Kumasi ba ne. A riƙe tsabar kuɗi kada a dogara da MoMo (kuɗin waya) kaɗai, sabis kan ɗauke. Ɗan ƙasa ya riƙe Ghana Card, kuɗin shigarsa bai kai na baƙo ba. A nemi shawarar likita kan maganin zazzaɓin sauro, a kuma tabbatar kowa ya yi rigakafin shawara, cutar ta ɓulla a yankin Savannah a 2021. Kada a bar abinci a fili ko ƙofa a buɗe, birai sun saba da mutane. Ɗakuna a Mole Motel da Zaina Lodge ba su da yawa, a kama tun da wuri.

Wasu kan fara da Accra, wannan ma na ga illarsa. Birni yana cin kuɗi yana cin ƙarfi: kasuwar Makola, tsaraba, biki nan suna can, kafin a ce arewa an ƙare. A fara da daji. Daga Mole zuwa Tamale awa uku ne ko ƙasa da haka, jirgi daga Tamale zuwa Accra kuma kimanin awa ɗaya, maimakon yini guda cur a bas kan hanyar da ta haura kilomita 600. In kuɗin jirgi zai yi nauyi, gara a rage tsaraba. Kada dai a sayi tikitin safe a ranar da za a baro Mole. A ɗauki na yamma, a samu damar cin tuwo da naman zabuwa a Tamale, a sayi rigar batakari da man kaɗe.

A Accra kuwa, abin da ke cinye hutun ɗan Zango zumunci ne. Ka sauka gidan gwaggo a Nima, kawu a Madina ya ji, dole ka je, na Ashaiman ma ya ce shi fa? Kwana uku sun tafi a cunkoson mota, yara ba su ga ko teku ba. Zumunci ibada ne, ba zan ce a bar shi ba. A ware masa rana guda sukutum, Juma'a ta fi, a haɗu a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, a wuce gida ɗaya a ci abinci tare, a sanar da kowa tun kafin a taso. Sauran kwana biyun na iyalinka ne. Makwancin Kwame Nkrumah da aka sabunta a 2023, dandalin Black Star da hasumiyar Jamestown duk suna kusa da juna a bakin teku, ana gama su a yini ɗaya in an fito bayan cunkoson safe ya lafa. Bakin tekun Labadi kuma a je ranar aiki da safe, kafin kiɗa da cincirindo, a kuma riƙe hannun yara sosai, igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi.

In aka lissafa, yini ɗaya na zuwa, cikakken yini ɗaya ko biyu a Mole, yinin Tamale da jirgi, uku a Accra, sai ranar komowa Kumasi, wadda ita ma kan ci awa biyar ko shida. Kwana bakwai ke nan ko takwas. Wanda biyar kawai yake da su, ya je Mole bana, Accra ta jira baɗi.