Yadda za ka tara kalmomin Turanci ta hanyar halayen ɓera

Bahaushen Legas da ke son ƙara Turancinsa yana da wani cikas da ba kowa ke lura da shi ba: buroka na kai shi ko'ina. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, da “chop” da “spoil” za ka gama cinikinka ka koma gida. Sai ranar da takardar asibiti ko sanarwar hukumar lafiya ta shigo hannunka ka ga kalmomin ba su isa ba. Haddar jerin kalmomi kuma ba ta daɗewa a ka. Abin da ke zama shi ne kalmar da ta zo tare da labarin da ya ba ka mamaki, kuma ɓera, wanda duk mai shago ya san ɓarnarsa, yana da irin waɗannan labarai da yawa.

Kayan aikin kaɗan ne: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, da waya mai ƙamus da ke furta kalma ka ji. Raba kowane shafi gida uku. Na farko kalmar da ma'anarta da Hausa, na biyu jumlar Turanci da ke ɗauke da labarin ɓeran, na uku jumlar da kai ka ƙirƙira daga sana'arka. Labari ɗaya a rana, kalmomi uku zuwa biyar. Wanda ya kwashi ashirin a zama ɗaya, kafin Juma'a ya zubar da mafi yawansu.

Fara da haƙori. Haƙoran gaban ɓera guda huɗu ba sa daina tsiro har ya mutu, suna ƙaruwa da fiye da santimita 10 a shekara, gwaguya ce ke rage su tana wasa su. Shi ya sa yake cin wayar lantarki da katakon kanta, abubuwan da ba abinci ba. Kalmarka ta farko ke nan, “gnaw”, wato gwaguya, kuma ba a furta harafin g na farkonta. Jera ta da 'yan uwanta: “chew” tauna, “nibble” ɗan gutsura kaɗan-kaɗan, “bite” cizo. A buroka za ka iya haɗe su cikin kalma ɗaya, “chop”, amma mai gyara jarrabawa ba zai haɗe maka su ba. A gida na uku ka rubuta abin da ya shafe ka, misali “Rats gnawed through my sack of beans.”

Labari na biyu ya fi amfani ga mai neman maganin ɓera. Ɓera ba ya iya amai. Tunda abin da ya haɗiye ba ya dawowa, sai ya zama mai tsananin tsantseni: sabon abinci yakan ɗanɗana kaɗan, ya jira, in cikinsa ya ɓaci ba zai sake kusantarsa ba. Dalilin da ya sa maganin da ke kisa nan take yakan kashe kaɗan sauran su ƙi ci ke nan. Daga nan ka samu “vomit”, “bait” wato abincin da ake sa wa tarko, “poison”, “trap” da “cautious”. Nan ne harshen Bahaushe ke tuntuɓe. Harafin v yakan koma b, p ya koma f, sannan mukan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu har “trap” ta zama tarap. Don furta v, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Don p, rufe leɓɓa gaba ɗaya ka sake su da iska. Riƙe takarda a gaban baki, in ta motsa ka yi daidai. Naɗi muryarka a waya ka kwatanta da ta ƙamus, don kunne ba ya kama kuskuren mai shi yayin da yake magana.

Goyon cikin macen ɓera bai wuce kwana 21 zuwa 23 ba, kuma takan haifi shida zuwa goma sha biyu. 'Ya'yan ciki ɗaya su ne “litter”, kalmar da ka saba gani a allunan hana zubar da shara. Ma'ana biyu, don haka jumla biyu, kowacce a layinta.

Gafiya ma ta shiga. Ƙungiyar APOPO tana horar da dangin gafiya a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, suna shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin kakin majiyyata. Nauyinsu bai kai ya tayar da nakiya ba. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya samu lambar zinariya a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya. Kalmomi: “sniff”, “detect”, “landmine”, “reward”. Wata rana kuma ka ɗauki labarin cakulkuli: masanin ƙwaƙwalwa Jaak Panksepp ya nuna cewa ɓeraye na fitar da wani sauti mai kama da dariya idan aka yi musu cakulkuli, sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum. “Tickle” ba za ta taɓa ɓace maka ba bayan wannan.

Kada ka tsallake zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke gurɓata abinci. Kalmomin da ke cikin sanarwar lafiya su ne “droppings”, wadda galibi jam'i take zuwa, “urine”, “contaminate” da “outbreak”. Mai sayar da gari ko hatsi a buɗe ya fi kowa buƙatarsu. Ka kuma lura cewa ɓeranmu ɗaya Bature ya raba shi biyu: babba “rat”, ƙarami “mouse”, jam'insa “mice”.

Sauran aikin bita ce. Duba shafin washegari, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Rubuta ranakun a saman shafin tun ranar farko. Yayin bita rufe gidajen uku duka da hannu, ka tuno labarin, ka fito da kalmomin daga ka. Karanta shafi kawai yaudarar kai ce, ido ya gane kalmar amma baki ba zai kawo ta ba. Zaman cunkoso a danfo ya ishe ka wannan. Kalmar da ta kuɓuce maka sau biyu a jere, mayar da ita sabon shafi da sabuwar jumla, don galibi tsohuwar jumlar ce ba ta shafi rayuwarka ba. Labarin ɓera kuma da ka gani a Facebook ko WhatsApp, kada ka shigar da shi littafi sai ka tabbatar da shi a wuri na biyu.