Ga matan Maradi masu bin miji Faransa: kada ki ɓoye takardar strepto B

Hutun bana da na zo gida, ban kwana uku a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi ba aka turo mini amare biyu masu shirin bin mazajensu Faransa, wai in ba su shawara. Ɗaya ma da ɗan ƙaramin ciki, tana ta ja masa mayafi. Tambayoyinsu ba su wuce sanyi da abinci ba. Sanyi, ki sayi riga mai kauri idan kin isa, ta can ta fi. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji kowa na tafiya da su, amma kilishi ki bar shi, an hana shiga da nama. Waɗannan cikin wata guda za ki gane kansu.

Takardun ciki ma ba su ba ni wahala ba. Ana sanar da ciki ga inshorar lafiya da CAF, ofishin tallafin iyali, kafin ƙarshen sati na 14, likita ko sajfam, wato ungozomar asibiti, ke cika takardar. Wadda takardun zamanta ba su kammala ba ta nemi PMI, cibiyar kula da uwa da yaro, ta unguwarsu, ana awo kyauta. Ki yi rajista a matanite, asibitin haihuwa, da wuri, kada ki jira ciki ya tsufa. Ina faɗin haka ne domin har yau mu matan da ke can muna karɓar masu ɓoye ciki wata shida don kunya, sai ƙafa ta kumbura a neme mu da dare.

Abin da ya ƙona ni yana can wajen ƙarshen ciki. Tsakanin sati na 34 da na 38 za a sa ɗan tsinke mai auduga a shafo gabanki, a kai labo, ɗakin gwaji. Ba ciwo, minti guda ne. Ana neman wata ƙwayar cuta da za ki ga an rubuta streptocoque B, ma'aikata kuma suna ce mata strepto B. A haihuwata ta fari a Liyon, na karɓo sakamakon ni kaɗai, na buɗe a cikin bas, idona ya faɗa kan kalmar positif. Ke da kika yi awo a Maradi kin san da wane gwaji muke jin wannan kalma, na ƙanjamau. Cikina ya ɗuri ruwa. Na isa gida na ninke takardar, na tura ta ƙasan akwati ƙarƙashin atamfofin lefe. Kwana huɗu ina zuba wa maigida abinci ba na kallon fuskarsa, ina lissafin inda ya kwaso mini ciwo, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Strepto B ba ciwon sanyi ba ne, ba alamar cin amana ba ce, ba ƙazanta ba ce. Ƙwaya ce mai zama a hanji da gaban mutum lafiyayye, ta zo ta tafi, uwa ba ta jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciki a duniya suna ɗauke da ita. Matsalar jariri ce: lokacin da yake fitowa yana iya kwasa, kuma shi jikinsa bai yi ƙwari ba, sai ta shiga jini, ko huhu, ko ta zama sanƙarau. Mu ƴan Maradi ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba. Yawancin jarirai lafiya lau suke fita ko uwa na da ita. Lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya ce in ba a yi wa uwa magani ba, kamar ɗaya cikin 200 ke kamuwa, in an yi kuwa, ɗaya cikin 4,000.

Maganin kuma ba a shan sa a gida. Ni na yi wannan wautar, na ɗauko amoksisilin da na taho da shi daga kasuwa na sha kwana biyar, na ce na kashe ta. Ba ta mutuwa haka, tana dawowa cikin ƴan kwanaki. Abin da ke kare yaro shi ne penisilin ko amoksisilin da ake sa wa uwa ta jijiya a cikin ƙarin ruwa idan naƙuda ta fara ko faya ta fashe, ana maimaitawa duk awa huɗu har ta sauka. Ana so na farko ya shiga aƙalla awa huɗu kafin haihuwa. Duk maganar a kan waɗannan awoyi huɗu take, kuma su ne na zubar da hannuna.

Faya ta fashe mini wajen sha ɗayan dare. Na kira Inna ta WhatsApp, ta ce, "Ki daure, ƴar nan, ta fari tana daɗewa. Kada ki je ki yi ta raki gaban Turawa." Ban ga laifinta ba ko kaɗan, haihuwa tara ta yi a ɗakinta, kuma ni ban gaya mata zancen takarda ba. Na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi, ina cije gefen zane, maigida na roƙona mu tafi ina ce masa da saura. Sai bayan asuba na yarda. Muna isa sajfam ta tambaye ni sakamakon strepto B, da yake a labo na waje aka yi, ba ya cikin dosiyena. Na sunkuyar da kai na ce an yi, positif ne, yana gida. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ruga ta ɗauko ruwan. Bai yi minti talatin a hannuna ba yaro ya faɗo.

Da yamma ina ba shi nono ya ƙi kamawa. Sai wani ɗan nishi yake yi da kowane numfashi, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. Ni na ɗauka barci ne mai nauyi, ma'aikaciyar da ta shigo auna zafinsa ce ta ɗauke shi ba ta ko tsaya saka masa hula ba. Kwana goma ya yi a sashen jarirai, da allura a bayan ɗan hannunsa an naɗe da filasta. An yanka ragon suna a ƙofar gidanmu a nan Maradi, ni ina zaune kan kujerar roba ina tatsar nono a kwalba. Allah ya tashi kafaɗarsa, yau yana makaranta, amma har gobe in na ji nishin jariri sai gabana ya faɗi.

To ƙanwata, ranar da kika karɓi takardar ki ɗauki hotonta a waya, ki sa ta cikin jakar haihuwa tare da katin rukunin jini, ki kuma nuna wa maigida. In penisilin ya taɓa fito miki da ƙuraje ko ya toshe miki numfashi, ki faɗa tun wurin awo, akwai wani da ake bayarwa. In an taɓa ganin ƙwayar a fitsarinki a wannan cikin, ko wani ɗanki ya taɓa kamuwa, za a sa miki maganin ko ba sabon gwaji, amma sai kin buɗe baki. Nono kuwa ki ba shi, babu abin da ya hana.

Kuma kada ki saki jiki don an sallame ku. Akwai nau'in da ke zuwa daga kwana bakwai har wata uku, maganin naƙuda ba ya tare shi. Daidai lokacin da gida ke cika da ƴan barka ke nan. Ina alfahari da matanmu na can, wallahi mai jego ba ta rasa kunun kanwa da farfesu, akwai masu raka ki asibiti su yi miki tafinta, adashinmu ya sha biya wa baƙuwa kayan jariri. Amma duk mai son ɗaukar yaro ta wanke hannu, ko Hajiya ce, ki faɗa da ladabi. Zazzaɓin da ya kai 38, ko jiki ya yi sanyi, ko ƙin nono, ko nishi, ko yaro ya saki kamar tsumma, ba a jira gari ya waye, ba a fara jiƙo. Ki kira 15, lambar agajin gaggawa ta likitoci a Faransa.

Amaren nan biyu kafin su tashi sai da na sa kowace ta rubuta jimla guda a wayarta da Faransanci, ta maimaita mini sau uku: "J'ai le streptocoque B et j'ai perdu les eaux." Ma'ana ina da strepto B kuma faya ta fashe. Mai cikin tana ta dariya tana rufe fuska, na ce mata ta sake faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji.