Yadda ake kimanta aikin metabolizim na sel daga bayanan RNA-seq

RNA-seq, hanyar karanta jerin RNA da ke cikin sel, yana ba ka yawan mRNA na kowace ƙwayar gado, wato kwafin saƙon da ake bi a ƙera furotin. Kai kuwa abin da kake nema shi ne kwarara: gulukos nawa sel ke ci cikin awa guda, nawa ya koma laktet, nawa ya shiga mitokondiriya. Yawan mRNA kamar faɗin bututu ne, ba shi ke faɗa maka ruwan da ke bi ta ciki ba. Don haka iyaka kawai ake ɗauka daga gare shi, sauran aikin na taswirar metabolizim ne, wato jerin sauye-sauyen sinadarai da ke gudana a cikin sel, wanda aka tsara don lissafi a kwamfuta.

Fara da zaɓen taswira. Ga sel na ɗan Adam akwai Recon3D ta 2018 da Human-GEM ta 2020, ga E. coli akwai iML1515. Buɗe ta da manhajar COBRApy. Duba irin lambobin ƙwayoyin gado da take amfani da su, domin Human-GEM lambobin Ensembl gare ta, Recon3D kuma na Entrez. Idan ba su dace da na teburinka ba, ɗaruruwan ƙwayoyin gado za su ɓace ba tare da manhajar ta yi ƙorafi ba. Ƙirga nawa suka dace kafin ka wuce gaba. Ƙididdigar kuma ta zama TPM, wato ma'aunin da aka daidaita da tsawon ƙwayar gado, kamar yadda manhajar Salmon ko kallisto ke fitarwa, saboda za ka kwatanta ƙwayoyin gado masu tsawo daban-daban.

Daga nan sai a mai da ƙididdigar ƙwayoyin gado ta koma makin kowane sauyin sinadari, ta bin ƙa'idojin GPR da ke cikin taswirar, waɗanda ke haɗa ƙwayar gado da furotin ɗinta da sauyin da yake gudanarwa. Inda aka rubuta AND, enzayim ɗin haɗakar sassa ne, sai a ɗauki mafi ƙanƙanta: SDHA, SDHB, SDHC da SDHD duk sai sun hallara kafin a sarrafa sukusinet. Inda aka rubuta OR, kowanne na iya aikin shi kaɗai, kamar HK1 da HK2, sai a tara su ko a ɗauki mafi girma. Ƙwayar gadon da babu ita a tebur kada a ba ta sifili. Sifili ɗaya a cikin AND ya isa ya toshe hanya baki ɗaya, taswirar ta ce sel ba ya girma alhali yana nan yana rabuwa a faranti.

Matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na abincin sel, kuma shi ya fi tasiri a sakamako. Taswira kan zo da iyakokin 1000 a buɗe, sel ya sha duk abin da ya ga dama. Rufe dukkan ƙofofin shiga, sannan ka buɗe abin da ke cikin ruwan renon kaɗai. DMEM mai yawan gulukos na da milimola 25 a lita, RPMI 1640 na da kusan 11. Amma wannan yawan abin da ke cikin ruwa ne, taswira kuwa saurin ci take so, wato milimola a kowane giram na busasshen nauyi cikin awa. Auna gulukos da laktet a farko da bayan awa 24, ka ninka bambancin da yawan ruwan renon, ka raba da busasshen nauyin sel da tsawon lokacin.

Sai zaɓen hanyar shigar da makin cikin taswira. E-Flux, wadda aka fara gwadawa a 2009 kan ƙwayar tarin fuka, tana sa rufin kowane sauyi ya bi makinsa. Tana da sauƙi, amma tana buƙatar manufa, wato abin da ake ɗauka sel na ƙoƙarin ƙarawa, galibi girma. Wannan bai dace da sel na hanta ko na jijiya da ba sa rabuwa ba. A nan iMAT ta fi: tana raba sauye-sauye zuwa masu maki sama da masu maki ƙasa, ta nemi kwararar da ta fi dacewa da rabon. Lissafinta na da nauyi, manhajar warware lissafi ta GLPK kan yi ta jan ƙafa a taswirar ɗan Adam, gara Gurobi. Sauya iyakar rabon sau biyu ko uku. Sakamakon da ya juye da ɗan sauyi ba abin dogaro ba ne. Ga bayanan sel ɗaiɗai akwai Compass ta 2021, wadda ke cike giɓin sifili da bayanan maƙwabtan sel.

Kada ka yarda da amsa guda ta FBA, lissafin da ke nemo kwararar da ta fi cika manufa, domin kwarara iri-iri kan ba da girma iri ɗaya. Yi FVA, mai nemo mafi ƙanƙanta da mafi girman kwarara, ka ga tazarar kowane sauyi. Sannan, don kwatantawa, ka gudanar da pFBA, wato FBA mai zaɓen amsar da jimillar kwararar ta fi ƙanƙanta, ba tare da RNA ba ko kaɗan. A 2014 Machado da Herrgård sun gwada hanyoyi da dama a kan E. coli da yis, suka tarar pFBA tsura sau da yawa tana kamo su ko ta wuce su.

Akwai abin da mRNA ba ya gani. ATP da sitiret na rage aikin PFK1, enzayim na hanyar sarrafa gulukos, ba tare da an taɓa mRNA ba. Enzayim ɗin PDK1 na kashe PDH, mai sarrafa fairubet a cikin mitokondiriya, ta hanyar liƙa masa fosfet, ga shi ba ya cikin GPR na wannan sauyi, sai taswira ta tura fairubet cikin mitokondiriya alhali ƙofar a rufe take. Hasashen da ya shafi waɗannan wurare sai an tabbatar da shi da na'urar Seahorse, mai auna shan iskar oksijin da tsamin ruwan reno, ko da gulukos mai alamar kabon-13.