Darasi na Bakwai: Shiri Kafin Saukar Guguwar Dusar Ƙanƙara

An rubuta wannan darasi domin 'yan'uwanmu da neman abinci ko karatu ya kai su ƙasashen sanyi, musamman Amurka da Kanada, inda daga watan Disamba zuwa Maris guguwar dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi, ta katse wutar lantarki, ta tsare mutane a gida kwana biyu ko uku. Hukumar hasashen yanayi takan yi gargaɗi kwana ɗaya ko biyu kafin ta sauka, ta rediyo da talabijin da wayar hannu, kuma a wannan ɗan lokaci ne mai hankali yake kammala shirinsa.

A tanadi ruwan sha kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, har na kwana uku, da abincin da ba ya bukatar girki, kamar burodi, dabino, gyaɗa da kifin gwangwani. A cika cajin waya, a ajiye tocila da batir a inda hannu zai kai cikin duhu. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya karɓo na mako guda tun hanya tana biyuwa. Idan sanyi ya tsananta, a bar famfo yana ɗan ɗiga, domin ruwan da ya daskare a bututu yakan fasa shi.

Babban haɗarin yana zuwa ne bayan wuta ta ɗauke, sa'ad da mutane suka shiga neman ɗumi ta kowace hanya. A gida mun saba da shigo da kaskon garwashi ɗaki a lokacin hunturu, kuma ko a can ana samun waɗanda suka kwanta ba su tashi ba. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa an gina su ne yadda iska ba za ta samu kafar shiga ba. Gawayi da janareto da murhun gas suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Wanda ya shaƙe ta yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai ya ɗauka mura ce ko gajiya, ya kwanta. Idan mutanen ɗaki suka fara jin haka a lokaci guda, su fita waje nan take, su kira lambar gaggawa ta 911. A watan Fabrairun 2021 sanyi ya katse wa miliyoyin mutane wuta a jihar Texas, hukumomi suka ƙidaya mutum 246 da suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan iska ta kashe. Saboda haka janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a garejin mota ba, kuma ba a kunna murhun girki domin ɗumama gida.

Hitar ɗumama ɗaki mai aiki da lantarki ma tana da nata sharuɗɗan. A ajiye ta mita ɗaya daga labule da katifa, a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, a kashe ta kafin barci. A watan Janairun 2022 irin wannan hita ta haddasa gobara a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York, mutum 17 suka rasu, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Hayaƙi ne ya kashe su, kuma ya bazu ne saboda ƙofar gidan da wutar ta tashi ta zauna a buɗe. Hanyar da ta fi aminci ita ce iyali su taru a ɗaki ɗaya, su toshe ƙarƙashin ƙofa da tawul, kowa ya sa tufafi biyu ko uku a jere, da hula da safa, sannan a rufa da bargo.

Direbobin tasi da masu kai saƙo, waɗanda mutanenmu ke da yawa a cikinsu, su haƙura da kuɗin wannan rana. A guguwar da ta afka wa birnin Buffalo a Disamban 2022, fiye da mutum 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi. Wanda guguwa ta ritsa da shi a hanya ya zauna cikin motar, ya riƙa kunna injin na minti 10 a kowace awa, amma kafin ya kunna ya sauka ya share ƙanƙarar da ta toshe salansa, ya kuma ɗan sassauta gilashi.

Bayan guguwa ta lafa, kwashe ƙanƙara da shebur aiki ne mai nauyi da kan jawo bugun zuciya, don haka dattawa su bar wa matasa. Yatsan da ya yi fari ya daina jin taɓi kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. A tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, sannan a nemi asibiti.